Aristofanis: Ɗan Wasan Da Ya Kai Ƙarar Kotu Gaban Jama'a

Idan ana maganar asalin dimokuraɗiyya, malaman kimiyyar siyasa kan hanzarta ambaton birnin Atina na ƙasar Girka, su jero sunayen su Perikilis da Sukurat da Aflatun, su wuce. Ba kasafai sukan tsaya a kan wani mutum mai sanƙo da ya rayu a wannan birni a daidai wancan zamani ba, wanda sana'arsa ita ce ba mutane dariya, alhali kuwa a tawa fahimtar babu wanda ya kai shi gano ciwon da ke cikin wannan tsarin mulki tun yana ɗanye. Sunansa Aristofanis. Dalilin da ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinsa shi ne, tambayar da ya shafe rayuwarsa yana yi wa mutanen garinsu har yau ba ta tsufa ba, wato idan an ce mulki na jama'a ne, shin mulkin ne ke hannunsu, ko kuwa ƙanshinsa kawai suke shaƙa?

An haifi Aristofanis wajen shekara ta 446 kafin Miladiyya, kuma shekarun rayuwarsa da za su biyo baya duk na wannan lissafi ne, wanda ke raguwa yayin da zamani ke tafiya. Sunan mahaifinsa Filifus, gundumarsu kuwa ita ce Kidatenayon, cikin birnin Atina. Ya buɗe ido ne lokacin da birnin ke kan ganiyarsa, yana karɓar haraji daga garuruwa da tsibirai masu yawa. Tsarin mulkinsu bai yi kama da wanda muka saba da shi ba, domin ba su zaɓen wakilai su tura majalisa. Duk namiji baligi ɗan asalin gari yana da ikon zuwa babban taro, ya yi magana, ya ɗaga hannu a kan yaƙi ko sulhu ko haraji, amma mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa. Akwai kuma wata majalisa ta mutum 500 mai tsara abin da za a tattauna, wadda ake cike gurabenta ta hanyar ƙuri'ar sa'a, wato wanda sunansa ya fito shi ke nan.

Yana ɗan kimanin shekara 15, a 431, yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Siparta, yaƙin da ya ɗauki shekara 27 kafin ya ƙare. Annoba ta biyo baya, ta tafi da dubban mutane, ciki har da jagoransu Perikilis a 429. Gurbin da ya bari sai ya faɗa hannun wani sabon nau'in 'yan siyasa, waɗanda jarinsu shi ne kaifin harshe da iya harzuƙa taro. Babbansu shi ne Kiliyon, wanda dukiyar gidansu daga majema ta fito, kuma gundumarsu ɗaya da Aristofanis. Wannan maƙwabci shi ne ya zama babban abokin gabar marubucin.

Wajibi ne in ɗan yi bayanin matsayin wasan kwaikwayo a wurinsu. Sau biyu a shekara ake gasar wasanni a birnin: bikin Lenaya da hunturu, sai bikin Diyonisiya idan sanyi ya wuce. Hukuma ce ke zaɓen marubutan da za su shiga gasa, ta kuma ɗora wa wani attajiri nauyin tufatar da 'yan amshi 24 da horar da su. Dubban mutane ke zama kallo, manyan gari na sahun gaba. Wanda ya san yadda wasannin tashe kan ba yara damar kwaikwayon dattijo a gaban idonsa ba tare da an ga laifinsu ba, zai hango abin da nake nufi. Sai dai na Atina ya zarce haka nesa ba kusa ba, domin ana kiran sunan shugaba ƙarara, a tona masa asiri, a yi masa ba'a har da ta batsa, yana zaune yana kallo.

Aristofanis ya shiga wannan fage a 427, bai cika shekara 20 ba, ya zo na biyu da wasansa na farko. Shekarar da ta biyo baya ya fito da wani mai suna Mutanen Babila, wanda ya taɓa shugabannin gari, aka kuma nuna shi a bikin Diyonisiya, daidai lokacin da jakadun garuruwan da ke biyan haraji suke cikin 'yan kallo. Kiliyon bai yi wata-wata ba, ya ja shi gaban majalisar mutum 500, da tuhumar ya ci mutuncin birni a gaban baƙi. Mai karatu zai lura da cewa wannan tuhuma, ta zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya, ita ce har yau masu mulki kan fara ɗagawa idan aka faɗi abin da ba su so. Saurayin ya sha da ƙyar, amma bai saduda ba. A 425 ya ci na ɗaya da wasan Mutanen Akarnai, labarin wani manomi da yaƙi ya gundura, ya je ya ƙulla sulhu da Siparta shi kaɗai da iyalinsa, ya bar sauran gari cikin wahala.

A wannan shekarar ce tauraron Kiliyon ya haska ƙwarai, bayan da ya komo daga Filos da fursunonin yaƙi 292 na ɓangaren Siparta. A daidai lokacin da babu mai iya ɗaga masa yatsa, Aristofanis ya fito da wasan Barade a 424. Ya kwatanta jama'ar Atina da wani tsoho mai saurin fushi da nauyin kunne, wanda wani sabon bawa mai warin fata ya mallake da daɗin baki, yana ba shi loma ɗaya yana haɗiye saura. Ba a iya kayar da wannan bawa ba sai da aka samo wanda ya fi shi rashin kunya da ƙarya, wani mai tallar naman hanji. Jama'a suka yi dariya har da riƙe ciki, alƙalan gasa suka ba wasan na ɗaya. Bayan 'yan makonni kuma waɗannan jama'a suka zaɓi Kiliyon cikin janar-janar goma na shekarar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Daga nan sai marubucin ya juya ga inda ya ga jijiyar ƙarfin Kiliyon take, wato kotu. Kotun Atina ba ta da alƙali mai ilimin shari'a da ke zaune bisa kujera, ba ta da lauyoyi irin namu, ba ta kuma da mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kowace shekara akan ɗauki mutum 6,000 daga cikin 'yan gari da suka kai shekara 30, su ne alƙalai, kuma babbar shari'a ɗaya mutum 500 ko fiye kan zauna mata. Kowane ɗan gari na iya shigar da ƙarar wani da sunan kare al'umma. Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa da bakinsa yake magana, ana auna masa lokaci da wani tulu mai huda, ruwa na ƙarewa magana ta ƙare. Sai kowane alƙali ya jefa tsakuwarsa cikin tukunyar kamawa ko ta saki, a yini ɗaya an gama, babu ɗaukaka ƙara. Niyyar da ke bayan tsarin kyakkyawa ce, domin zai yi wuya mai kuɗi ya saye mutum 500. Perikilis ne ya fara biyan alƙalan ladan zama don talaka ma ya samu shiga, Kiliyon kuwa ya ɗaga kuɗin zuwa obol 3 a yini, kusan rabin abin da ma'aikaci kan samu. Ga mai jini a jika wannan ba wani abu ba ne, amma ga tsohon da ƙarfinsa ya ƙare shi ne kuɗin cefane. Ta haka kotu ta cika da tsofaffi matalauta masu jin cewa Kiliyon ne ubangidansu, yayin da wasu 'yan na-ci-da-ƙara suka mai da barazanar kai mutane kotu sana'a.

Wannan shi ne abin da ya haifi wasan Rina, wanda aka nuna a bikin Lenaya na 422, kuma a ganina shi ne madubin da ya fi kowane nuna basirar Aristofanis. Akwai wani tsoho da sunansa ke nufin masoyin Kiliyon, wanda cutar zaman kotu ta kama. Ba ya barci, tun asuba yana bakin ƙofar kotu, kuma bai taɓa sakin wanda ake tuhuma ba ko sau ɗaya. Ɗansa, wanda nasa sunan ke nufin maƙiyin Kiliyon, ya kulle shi a gida, ya lulluɓe gidan da raga. Tsohon ya gwada fita ta kafar hayaƙi yana cewa shi hayaƙi ne, ya gwada maƙalewa a cikin jaki, duk aka kama shi. Sai ga abokansa tsofaffin alƙalai sun iso neman sa, cikin shigar rina, kowa da ƙarinsa a baya.

A nan ne marubucin ya nuna shi ba maƙiyin talaka ba ne. Waɗannan tsofaffi cikin duhun asuba suke taka taɓo, 'ya'yansu na riƙe musu fitilu. Uba na yi wa ɗansa faɗa kan ɓarnar man fitila, yaro na roƙon a saya masa ɓaure, uba na nuna masa cewa daga ɗan kuɗin nan za a sayi gari da itace da abin miya na mutum uku. Da yaron ya tambaya me za su ci idan kotu ba ta zauna yau ba, tsohon ya rasa amsa. Su ne kuma ke tinƙaho da cewa da ƙuruciyarsu suka kori rundunar Farisa daga ƙasar. Dariyar da ake yi musu cuɗe take da tausayi.

Sai aka shiga muhawara tsakanin uba da ɗa. Uban ya zayyana daɗin mulkin da yake ji: manyan mutane kan tare shi a ƙofar kotu su miƙa masa hannu mai laushi, hannun da ya wawuri dukiyar jama'a, su yi ta magiya, wasu su kawo 'ya'yansu su yi kuka, wasu su ba shi labarin ban dariya don ya huce. Kowane mai muƙami ana bin diddigin aikinsa idan ya sauka, ban da alƙali. Idan ya koma gida da kuɗinsa, 'yarsa ta wanke masa ƙafa, matarsa ta kawo masa abinci. Ɗan bai musanta ko ɗaya ba, lissafi kawai ya ce a yi da yatsu. Kuɗin da ke shiga baitulmalin Atina a shekara ya kusa talanti 2,000, amma abin da ake biyan alƙalai 6,000 gaba ɗaya talanti 150 ne, ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. To, ina sauran? Yana aljihun waɗanda kullum ke rantsuwa ba za su taɓa cin amanar talaka ba. Da gangan ake barin tsohon cikin talauci, ana ɗiga masa abinci kaɗan-kaɗan, domin ya san hannun da ke ciyar da shi, ta yadda duk wanda aka nuna masa zai afka masa kamar karen farauta. Ni dai ban san wani littafin kimiyyar siyasa da ya fayyace dangantakar yunwa da biyayya fiye da wannan muhawara ba.

Da tsohon ya ce shi fa ba zai rayu ba shari'a ba, sai aka kafa masa kotu a tsakar gida, aka gurfanar da wani kare mai suna Labes bisa laifin sace cukun Sisili. Mai ƙara shi ma kare ne, ɗan gundumar Kidatenayon, kuma babban abin da ya ƙona masa rai shi ne ɓarawon ya cinye shi kaɗai bai raba da shi ba. Kowa a wurin ya gane karen mai ƙara Kiliyon ne, wanda ake ƙara kuwa wani janar ne mai suna Lakes da ya jagoranci rundunar Atina a Sisili. Aka kira kayan girki su ba da shaida, aka kawo 'yan kwikwiyo suna kuka don neman sassauci. Tsohon ya riga ya yanke hukunci tun kafin a buɗe baki, amma ɗansa ya yaudare shi ya jefa tsakuwa a tukunyar saki. Da ya gane ya saki mai rai, sai ya faɗi sumamme. Ƙarshen wasan ma akwai abin lura. Ɗan ya raba ubansa da kotu, ya koya masa zaman manyan mutane, sai tsohon ya bugu a wurin walima, ya doki mutane a hanya, ya yi ta dariyar masu barazanar kai shi ƙara. An canza masa wuri ne kawai, hali kuwa zanen dutse. Wasan ya zo na biyu, kuma kafin shekarar ta fita Kiliyon ya mutu a fagen fama a Amfifolis.

Adalci ya wajabta in faɗi inda alƙalamin Aristofanis ya yi ɓarna. Shekara guda kafin Rina, a 423, ya nuna wasan Gizagizai, inda wani da bashi ya yi wa katutu ya tafi makarantar Sukurat don ya koyi yadda ake mai da ƙarya gaskiya a gaban kotu. Sukurat na gaskiya ba ya karɓar kuɗin koyarwa, ba kuma wannan ce sana'arsa ba. Wasan ya zo na ƙarshe a gasar, amma hoton da ya zana ya zauna a zukata. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da Sukurat gaban irin kotun nan da Aristofanis ya yi wa ba'a, aka yanke masa hukuncin kisa. Aflatun ya ruwaito cewa malamin nasa ya ambaci wasan cikin tsofaffin ƙazafin da suka ɓata masa suna, kuma da mutum 30 sun sauya tukunya da ya kuɓuta. Shi wannan Aflatun ne dai daga baya ya kawo mutanen biyu cikin wani littafinsa suna hira a walima ɗaya cikin raha. Duk da haka darasin na nan ga duk mai riƙe da alƙalami: ba'a ba ta tambayar wa ke da gaskiya kafin ta kama mutum. Haka shi ma Kiliyon, yawancin abin da aka sani game da shi daga bakin maƙiyansa biyu ya fito, wato Aristofanis da marubucin tarihi Tukididis.

Sauran rayuwarsa ta tafi tare da faɗuwar birnin. Ya rubuta Zaman Lafiya a 421, da Tsuntsaye a 414, wanda jarumansa biyu suka yi ƙaura daga Atina saboda yawan ƙararraki sun ishe su. Ya ga halakar rundunar Atina a Sisili a 413, da juyin mulkin 'yan tsiraru a 411, shekarar da ya fito da Lisistirata, inda mata suka ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an daina yaƙi. A 406 ya ga babban taro ya yanke wa janar-janar ɗin da suka ci yaƙin ruwa hukuncin kisa da ƙuri'a ɗaya, ba tare da an yi wa kowannensu shari'arsa ba, aka kashe shida. A 405 ya fito da Kwaɗi, inda ya shawarci jama'a da su mayar wa waɗanda suka yi kuskure a 411 haƙƙinsu na 'yan ƙasa, su kuma daina fifita shugabanni irin jabun kuɗi a kan na ƙwarai. Wasan ya ci na ɗaya, aka karrama shi da sake nuna shi. Shekara guda bayan haka Atina ta miƙa wuya ga Siparta. Da dimokuraɗiyya ta dawo a 403, shi kansa ya yi zama a majalisar mutum 500, wadda aka taɓa jan sa gabanta. Wasansa na ƙarshe cikin waɗanda suka rage shi ne Dukiya, na 388. Ya rasu wajen 386, ya bar 'ya'ya maza da suka gaji sana'arsa. Cikin wasanni kimanin 40 da ya rubuta, 11 suka iso gare mu, kuma Rina ya yi tsawon ran da marubucin Faransa Rasin ya gina wasansa na barkwanci a kansa a shekara ta 1668 Miladiyya.

Wasu masana na ganin Aristofanis ɗan bayan masu gonaki da dukiya ne, mai ƙyamar mulkin talakawa. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin bulalarsa ta fi sauka a kan sababbin 'yan siyasa fiye da 'ya'yan manyan gidaje. Amma ni ban gamsu da cewa maƙiyin tsarin ne ba. Mutumin da ke cewa an ba talaka kashi ɗaya cikin goma an riƙe tara, kukansa shi ne rabon talaka ya yi kaɗan. Abin da ya tsana shi ne a mai da kotu sandar dukan abokan hamayya, a kuma mai da wanda ke yanke hukunci ɗan amshin shatan mai biyan sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne abin da ya faru a 424. Birnin ya cancanci yabo, domin da amincewar hukuma da kuɗin attajiransa aka tsaya gaban dubban mutane aka tuɓe mafi ƙarfin ɗan siyasa, ana tsakiyar yaƙi, aka kuma ba wanda ya yi haka kyauta. Ƙasashe nawa ne a yau za su iya haka? Sai dai mutanen da suka tafa wa Barade su ne suka ɗaga wa Kiliyon hannu. Sun ji gaskiya, sun gane ta, sun yi mata dariya, dariyar ta sanyaya musu rai, suka koma gida ba su sauya komai ba. Mu da muka yi karatu, lauyoyi da 'yan jarida da ma'aikata, mun fi kowa faɗawa cikin wannan tarko, domin mu ne gwanayen raha a kan ɓarnar masu mulki a majalisun hira, mu ɗauka da haka mun sauke nauyi. Tsohon nan na Aristofanis yana da uzuri, obol 3 ɗin nan su ne tuwon gidansa. Wanda ya ƙoshi, ya kuma iya lissafin da ɗan tsohon ya yi da yatsu, shi ya kamata ya tambayi kansa mene ne nasa uzurin.